Taubashina Mai Tarin Ranar Kasuwa

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Taubashina ya riga ni komawa, kuma iyakar sanina wannan ne karo na farko da ya riga ni isa wani wuri, domin mutum ne da in ya hau keke, kaza ma sai ta wuce shi ta waiwayo.

Mun kai shi makwancinsa a Birnin Kudu, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Tun ba a gama shimfiɗa ba mutane suka fara sauka. Na Sundimina a kan babura, na Yalwan Damai wasu a ƙafa, na Gwaram da Basirka kuwa mota guda suka cika, har da wani tsoho da aka sauko da shi kamar buhun gero aka jingine mana a inuwa. Kowa ya zo sai ya durƙusa, a yi addu'a, a shafa, sannan ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, ashe dai tarin nan bai bar Malam ba.

Na gaji da ba da amsa. Ba tari ne ya kashe shi ba, tsufa ne da cikar kwana. Likitan da ya duba shi a ƙarshe ya ce ƙafa ta gaji, ido ya gaji, amma ƙirjin nan kamar na ɗan dambe. Da na shiga cikin gida yi wa mai ɗakinsa gaisuwa, na tarar abin da mata ke ta jajanta mata ke nan. Hajiya ta share hawaye ta dube ni ta ce, "Kai dai ka sani. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin mutumin nan ya yi tari ba, ko da kuwa yaji na ƙona." Matan suka ɗauka ruɗewar rashi ce, suka shiga ba ta haƙuri. Ni kuwa na fito da sauri kada dariya ta kunyata ni a gidan makoki.

Shi ya sa na ɗauki biro. Ba zan bari a binne bawan Allah da ciwon da bai taɓa yi ba. Kada kuma wani ya raina rubutuna. Na yi aji uku cur a elemantare kafin ni da malaminmu mu fahimci cewa ba za mu amfani juna ba.

Marigayi ɗan kawuna ne, ni ɗan gwaggonsa. Ya girme ni, kuma tun muna yara yake cewa ni bawansa ne. Ni kuma ina ce masa ya nuna takardar saye. Shi ya daure ya gama makaranta, ni na faɗa ɗinki, ina ɗora keken ɗinkina a mota ina bin kasuwanni. Ana cikin murnar samun 'yancin kai aka ɗauke shi aiki a ofishin hakimi, daga baya aka tura shi Gwaram, ni ma na bi shi na kafa rumfa a can. Ba don ilminsa aka ɗauke shi ba, ko da yake ya mutu yana zaton haka. Murya ce Allah ya ba shi. In ya ce salamu alaikum a bakin kasuwa, masu awo a can ƙarshen rumfuna sai sun amsa. Saboda haka duk wata sanarwa ta hukuma shi ake miƙa wa. Da albashin farko ya sayi tabarau wanda ba ya ƙara gani ba ya ragewa. Kafin ya karanta ko layi ɗaya sai ya cire shi, ya hura, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya dubi jama'a ta samansa, sannan ya ce a saurara gwamnati za ta yi magana. Yadda yake faɗa sai ka rantse da safe suka karya tare.

Amma a gida bakinsa gum. Na taɓa roƙonsa ya ɗan leƙa mini abin da aka rubuta a ofis game da wani surukina da muke 'yar tsama da shi. Ya ce bai ji ba. Na maimaita, ya ce kunnen nan na gwamnati ne, an tashi daga aiki. Muka yi fushi, ba ma ga maciji har Sallah. Da Idi ya matso ya aiko mini da yadi in ɗinka masa riga, na ɗinka hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya saka abinsa ya je masallaci yana gaya wa kowa aikin bawansa ne. Da haka muka shirya.

To, a shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, aka daina fam aka koma naira, sai aka turo wani sabon Di'o, wato jami'in mulki na yankin, yaro ɗanye, ɗan ƙasa, mai biro a aljihu har kala-kala. Shi ya kawo tsarin cewa takardar haraji ba ta dagaci da hakimi ba ce su kaɗai, ta jama'a ce. Saboda haka a fito da ita ranar kasuwa a karanta kowa ya ji. A kira sunan magidanci, sannan a faɗi abin da ke gabansa: ya biya, ko ya rasu, ko an yafe masa saboda kaza. Wanda ya ji ƙarya ya ɗaga hannu.

Karatun farko ina wurin, rumfata tana kallon teburin. Taubashina ya goge tabarau ya fara. Ana cikin tafiya ya kira wani suna ya ce ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Jama'a suka ce amin. Cikin masu cewa amin har da mai sunan, yana tsugune yana cinikin albasa, sai da maƙwabcinsa ya taɓa shi. Mutumin ya miƙe da albasa a hannu ya tambaya a hankali ko shi ake nufi. Aka duba unguwa, aka duba sunan uba, shi ne. Ashe ya daɗe da rasuwa a takarda, alhali duk shekara yana kai wa dagacinsu haraji. Kafin la'asar matattu irinsa sun tashi da dama, duk daga ƙauye guda, wanda ba zan faɗi sunansa ba don jikokin dagacin suna kawo mini ɗinki. Mai albasa ya ce shi ba ya neman komai, a dai rubuta ya dawo, don matarsa ba ta da labari.

Ranar taubashina bai taka ƙasa ba. Ya ce tun da aka kafa duniya ba a yi dabara irin ta yaron nan ba. Kuma gaskiyarsa. Har da wani da aka rubuta makaho, aka kira sunansa yana shigowa kasuwa a kan keke da buhu a baya.

Murnar ba ta daɗe ba. A wani karatun ya kira wani dattijo mai mutunci, baki ya riga hankali, sai ga shi ya faɗa da wannan murya tasa cewa an yafe, taɓin hankali. Abu ne da iyalin suka daɗe suna rufewa, yana zuwa yana tafiya, kuma a lokacin lafiyarsa ƙalau. Dattijon ya miƙe. Ya naɗe buzunsa ya fita daga kasuwar, 'ya'yansa suka bi shi kai a ƙasa. Taubashina ya zo rumfata ya zauna ya ƙi cin goro. Can ya ce, "Ni haya aka ɗauki bakina. Ba a ce in haɗa da kunyata ba."

Daga nan tarin ya samo asali. Ba zai tsallake suna ba, domin tsallaken shi ne satar da aka zo kashewa. Ba zai karanta ƙarya ba. Amma ba wata doka da ta hana ma'aikaci tari. In ya hango abin kunya a gaban suna, sai ya kira sunan sarai, ya faɗi sauran a cikin tari, ya wuce. In ka tambaye shi ya ce ya karanta, mala'iku shaida.

Na so in ce dabarar ta yi, don mamaci ne. Ba ta yi ba. Mutanen kasuwa ba yara ba ne. Nan da nan suka gane duk inda Malam ya yi tari akwai magana, kuma abin da ba a faɗa musu ba sai su cike da kansu. Wani manomi daga wajen Basirka, gwaiwa ce ta hana shi noma aka yafe masa. Malam ya yi masa tari. Kafin kasuwa ta zagayo, wasu sun ce aljanu ne, wasu sun ce kurkuku ya taɓa yi, wasu suka faɗi abin da ya sa surukansa suka yi takakkiya suka zo jin ba'asi. Mutumin ya zo har ofis yana tafe yana buɗa ƙafa, ya ce wa taubashina da ya faɗi gwaiwa ai dariyar yini ɗaya ce, ga shi yanzu ya jawo masa ta shekara. Ya roƙe shi don Allah kasuwa mai zuwa ya hau teburi ya wanke shi. Aka kuwa yi haka. Ban taɓa ganin mutumin da aka yi shelar gwaiwarsa yana godiya ba sai ranar.

Ana cikin haka maganar mai tsire ta taso. Na ce mai tsire. In kun tafi Gwaram kuna leƙen hannun masu tsire kun wahalar da kanku, domin na juya masa sana'a kamar yadda nake juya tsohuwar riga. Abin da za ku riƙe shi ne abin ci yake sayarwa, da hannunsa yake miƙa wa mutane, kuma da shi yake ciyar da uwa da mata da 'ya'ya.

Ni na fara sani, don tela yana ganin abin da liman ba ya gani. Mutum yana aiki a bakin wuta, ana zafi kamar a tuɓe fata, ya zo ya ce in yi masa riga mai dogon hannu har wuyan hannu. Wajen awo na ga tabon a damtsensa, ja-ja, kamar an ɗiga ruwa a kan baƙin yadi ya kore. Ya ga na gani. Ya ce mini ya daɗe yana zuwa shan-magani can wani gari inda ba a san shi ba, yana karɓar ƙwayoyin kuturta. Malamin asibitin ya tabbatar masa an tari abin da wuri, ba zai ci yatsa ba, kuma mai shan maganin ba ya shafa wa kowa. Matsalar ita ce duk wanda ke karɓar ƙwayoyin nan asibiti kan aika da sunansa ofis a yafe masa haraji. Alheri ne aka yi niyya. Shi bai roƙa ba. Ya je ya ce zai biya, aka ce wanda aka yafe wa ba ya biya, takarda ta riga ta wuce. Ga karatun kasuwa yana matsowa.

Na kai shi wurin taubashina. Ya durƙusa ya ce, "Malam, in ka faɗa na mutu. In ka yi tari ma na mutu. Wa zai ci naman wanda aka yi wa tari?"

Taubashina ya cire tabarau, wannan karon bai goge ba. Washegari ya saka babbar riga ya je gaban Di'o, ya roƙi a riƙa karanta suna a bar dalili, bai faɗi don wa ba. Yaron ya saurare shi da ladabi, ya ba shi kujera, sannan ya tuna masa makahon nan mai keke. Ya ce a cikin dalilin ɓarayi ke ɓuya. In aka daina faɗa, shekara mai zuwa rabin ƙasar nan makafi ne, kuma talakan da ya biya shi za a ƙara wa nauyi. Taubashina ya dawo ya ce mini abin haushin shi ne yaron bai yi ƙarya ba.

Na ce to sai yaya? Ya ce in je in ci gaba da ɓata wa mutane yadi, shi zai yi tunani.

Tunanin nasa a masallaci na fara jin sa. Liman na tsakiyar karatu sai ga tari daga sahun gaba kamar ana sauke buhuna. Daga nan kuma ko'ina. A ofis tari, a wurin mai shayi tari, a kan keke tari har keken na karkacewa. Tsofaffi suka shiga kawo magani, wannan citta da kanumfari, wancan zuma da man shanu, wata Bafillatana ta kawo wani sassaƙe da ta ce ko saniya ya tayar. Duk ya karɓa ya sha a gabansu, sassaƙen nan kuwa sai da ya zaunar da shi a bayan gida yini guda. Ni da na gane inda aka dosa sai na ba da tawa gudummawar. Duk wanda ya zo rumfata na gaya masa taubashina ya kusa, kuma na riga na yi magana a bar mini kekensa.

Ranar karatu kasuwa ta cika. Di'o da kansa ya zo, aka sa masa kujera a gefen teburi, ɗan doka na tsaye a bayansa. Mai tsire yana can bakin tukubarsa cikin rigar da na ɗinka, yana juya tsinke ɗaya har ya ƙone bai sani ba. Taubashina ya goge tabarau, ya ce gwamnati za ta yi magana, sai gwamnati ta fara da tari.

Ya kira sunan liman, ya turnuƙe. Liman ya miƙe ya shaida wa jama'a cewa shi lafiyarsa ƙalau, kuma ba abin da yake ɓoyewa. Ya kira sarkin pawa, tari. Ya kira wani attajiri mai motoci, tari har da dafe ƙirji. Ya kira wani makaho na gaskiya wanda duk garin aka san shi, ya yi tari, makahon ya ɗaga sanda ya ce, "Makanta ce, Malam, faɗi abinka, ba a ɓoye take ba." Wani ya samu, wani ya tsira, ba tsari. Masu ƙirga tari don su samu abin gulma suka rikice, domin in sun ce akwai magana a kan wane, to akwai a kan liman.

Da ya zo kan sunana kuwa, Allah ya isa. Ya yi tarin da sai da aka kawo masa ruwa a buta, ya sha, ya dube ni ta saman tabarau, ya sake wani. Wata mata da ta kawo ɗinkin zane ta lallaɓo ta ɗauke abinta. Da na tuhume shi daga baya, ya ce amfanin bawa ke nan, ya ɗaukar wa ubangidansa kaya.

Saura kaɗan a iso unguwar mai tsire sai Di'o ya ɗaga hannu. Na ce muku yaron ba wawa ba ne. Ya ce, ba da ƙarfi ba, amma mu na kusa mun ji, "Baba, tarin nan naka yana da ladabi. Bai taɓa faɗa wa suna ba, bai taɓa faɗa wa matattu ba. Kawo takardar ka huta."

Ban taɓa ganin taubashina ya tsufa ba sai a wannan lokacin. Ya miƙa takardar da hannu biyu, ya koma gefe ya tsaya. Di'o ya miƙe ya ci gaba da karatu, tsaf-tsaf kamar mai ba da labarai a rediyo. Wane, ya biya. Wane, an yafe, tsufa. Wane, ya biya. Ni dai na daina taka keken ɗinki. Mai tsire ya ajiye wuƙa, ya goge hannu a riga, ya tsaya kamar wanda ke jiran a kira shi gaban alƙali.

Aka kira sunansa. Di'o ya buɗe baki zai faɗi sauran, sai ya tsaya. Ya san mutumin, domin duk zuwansa rangadi a wurinsa masinja ke sayo masa na rana. Ya ɗago kai ya dubi tukuba, ya dubi layin mutanen da ke tsaye da tsinke a hannu, ya dubi dogon hannun rigar. Sannan ya waiwayi taubashina. Taubashina yana kallon sama kamar mai duban wata.

Sai yaron ya yi tari.

Tari ne na ɗan boko, siriri, abin tausayi, kamar akuya ta shaƙi dusa. Da shi kaɗai ne da ba wanda zai yarda. Amma wata tsohuwa mai daddawa ta dafe kai ta ce, "Shi ke nan, ya shafa wa yaron mutane!" Nan take gaban teburi ya yi fili. Ɗan doka ya cire hula ya toshe hanci. Taubashina da ya ga an samu ɗalibi sai ya kawo ɗauki da wani irin tari daga ƙasan ciki, wanda ya tashi tantabaru daga kan rumfa. A cikin wannan hargitsi Di'o ya wuce suna na gaba. Kuma don ku san makaranta ba banza ba ce, ya ɗan yi gaba kaɗan sai ya sake yin wani tarin a kan wani bawan Allah da ya biya harajinsa tsaf. Abin da ya ɗauki taubashina wata da watanni yana koyo, yaron ya kama a tsaye.

Da aka gama ya naɗe takarda, ya ratsa kasuwa shi kaɗai, don kowa na kaucewa kada ya ɗauki tari. Ya tsaya a bakin tukuba ya ce a ba shi tsinke biyu. Ya karɓa daga hannun mutumin, ba ta hannun masinja ba. Ina kallo, ya ci a tsaye a gaban jama'a, ya ce yaji ya yi kaɗan.

A ofis, in ji wanda ya ji, Di'o cewa ya yi, "Baba, ya kamata ka je asibiti a duba tarin nan." Taubashina ya ce, "Ranka ya daɗe, ko mu tafi tare?"

Bayan nan aka gyara tsarin. Suna ana karantawa, matattu ana karantawa, wanda ya biya ana karantawa. Dalilin ciwo kuwa aka bar shi a ofis. Mai shakka ya je ya faɗi sunansa ya tambaya, kuma za a gaya wa mai ciwon wane ne ya tambaya. Sai masu son sani suka ragu ƙwarai. Aka kuma ce wanda aka yafe wa, in ya ga dama ya biya, a karanta shi cikin masu biya. Mai tsire ya riga kowa. Ban san wani mutum a ƙasar nan da ya yi walima don an yarda ya biya haraji ba in ba shi ba.

Kada in yi wa mamaci ƙarya, gyaran bai zo a kyauta ba. Ba a jima ba wani makahon ya sake bayyana a takarda, wannan ma har da babur. Na kai wa taubashina labari don in ji daɗi. Ya ce ya sani, kuma abin na damunsa. Ya ce duk inda ka rufa wa mai gaskiya zane sai wani maƙaryaci ya cusa ƙafa, shi dai ya zaɓi wanda zai iya kwana da shi. Har aka soke haraji, har ya yi ritaya ya dawo Birnin Kudu, bai taɓa cewa yaron nan ya yi kuskure ba. Mai tsire kuwa ya warke sarai, tabo ya ɓace. Ni na ɗinka masa 'yar shara ta farko, ya saka ya yini yana miƙa hannu ko ba a tambaye shi komai ba. Ya aurar da 'ya'ya, ya sauke farali. Sunan tari kuma ya bi taubashina har kabari, bai taɓa wanke kansa ba, don wanke kan nasa tona wani ne.

Ranar sadakar uku wata mota ta tsaya, aka fito da wani dattijo fari fat da furfura, yana dogara sanda. Sai da ya yi magana na gane Di'o ne. Ya zauna a tabarma kusa da ni. Aka yi addu'a, hira ta ɗan sake, aka shiga tuna karatun kasuwa ana dariya ƙasa-ƙasa.

Marigayi yana da jika mai karatun lauya, yaro mai hankali, sai dai tambaya. Ya ce shi ya daɗe yana zargin tarin kakansa na aiki ne. Ya ce yanzu akwai dokar da ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun gwamnati, kuma yana son ya nemo na wancan zamani don ya rubuta tarihin kakansa. Na ce masa ya gaida gara in ya je, don ita ta gaji kujerar kakansa, kuma ta fi shi riƙe sirri. Bai yi dariya ba. Ya juya ga dattijon ya ce, "Ranka ya daɗe, kai da ka karanta da idonka. A cikin duk waɗanda aka yi wa tari ranar, wane ne na gaskiya?"

Ban ce mai tsire yana cikinmu ba, ban kuma ce ba ya ciki ba. Dattijon ya buɗe baki kamar zai amsa, sai ya kawo wannan siririn tari nasa. Shekaru sun wuce amma bai ƙware ba. Na ga za a ji kunya, na taya shi. Ɗan liman na wancan lokaci ya karɓa. Mutanen Gwaram suka ɗauka, na Basirka suka bi, har tsohon nan da aka jingine a inuwa, wanda muke zaton barci yake. Yaron ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sunkuyar da kai ya yi murmushi. Daga bayan ƙyauren zaure muka ji muryar Hajiya tana cewa, "Yau dai na ji abin da ake ta ba ni labari."

Malamai sun gaya mana akwai ranar da za a tara mu duka, na farko da na ƙarshe, a buɗe wa kowa littafinsa, kuma ranar ba mai tari. Ya Allah, ga bawanka nan ya zo. Ya sha sassaƙen shanu, ya ɗauki sunan ciwon da ba shi da shi, don kada a tozarta wani bawan naka a kasuwa. In an zo kan sunansa, ka suturta shi da rahamarka. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka kyautata namu ƙarshen. Ni kuma na yafe masa tarin da ya yi mini, har da zanen matar nan da bai dawo ba. Amin.